A Riƙa Yi Wa Masu Jinyar Limoniya Bayanin Ciwon Ƙirji Kafin Sallama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin ma'aikatan lafiya kan ciwon ƙirjin da kan ci gaba da damun mutum bayan ya tashi daga jinyar limoniya, abin da ke yawaita a lokacin hunturu.

Sau da yawa zazzaɓi ya sauka, an shanye magani, amma mutum yana jin suka a haƙarƙari duk lokacin da ya ja dogon numfashi ko ya yi tari. Dalilin shi ne siririyar fatar da ta lulluɓe huhu takan kumbura, naman da ke tsakanin haƙarƙari kuma yakan jigata saboda yawan tari. Hukumar lafiya ta Ingila, wato NHS, ta bayyana cewa ciwon ƙirji yakan ragu sosai cikin mako 4, tari da haki cikin mako 6, gajiya kuwa tana iya kai wata 3.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sallamar majinyata da yawa ba tare da an gaya musu haka ba. Sai ka ga wani ya nufi kemis ya sayi wani maganin kashe ƙwayoyin cuta babu umarnin likita, wani ya kira wanzami a yi masa ƙaho, wani kuma, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro, ya zauna yana haƙuri alhali ruwa ko mugunya na taruwa a gefen huhunsa. Idan ciwon yana ƙaruwa, ko zazzaɓi ya dawo, ko numfashi ya yi wuya, ko aka ga jini a majina, wajibi ne a koma asibiti nan take, musamman idan mai sikila ne. Tarin da ya wuce mako 2 tare da rama da zufar dare yana bukatar gwajin tarin fuka, wanda kyauta ake yin sa a asibitocin gwamnati a Najeriya.

Ina kira ga likitoci da malaman jinya, duk da cunkoson da na san suna fama da shi, su riƙa yin wannan bayani da Hausa kafin sallama, su kuma sa wa masu shan taba da waɗanda suka haura shekara 50 ranar dawowa ɗaukar hoton ƙirji bayan mako 6.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Zariya