Amsa ga Malamin da ya ce na raba kalma ɗaya gida biyu don in ci kuɗi

Malam, bayan gaisuwa.

A taron ƙungiyoyi na makon jiya ka karɓi makirfo ka tambaye ni: "Manufa da hangen nesa ba abu ɗaya ba ne? Ko dai kun raba su ne don ku karɓi kuɗin aiki sau biyu?" Jama'a suka yi dariya, lokaci ya ƙure, aka tashi ban ba ka amsa ba.

Cewar da ka yi jawabina ya yi tsawo, wannan na yarda. Zancen kuɗin ne ya tsaya mini a rai, don shekaru na yi ina wannan aiki na taya ƙungiyoyi rubuta manufa da hangen nesa ba wanda ya taɓa jifana da damfara sai kai.

Manufa ita ce aikin da ƙungiya ke yi yau: me muke yi, don wa, ta wace hanya. Hangen nesa kuwa yadda duniya za ta zama ne in aikin ya ci nasara. Microsoft, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975, ya hango kwamfuta a kan kowane tebur da cikin kowane gida, a lokacin da maganar ke kama da tatsuniya. Aikinsu na kullum kuwa rubuta manhaja ne. Google ya ce manufarsa ita ce tsara bayanan duniya yadda kowa zai same su ya amfana, kuma ma'aikaci na iya auna aikinsa na yau da wannan jimla. Ƙungiyar yaƙi da cutar mantuwa ta Alzheimer a Amurka ta hango duniyar da babu cutar. Ranar da hangen ya tabbata, aikinta ya ƙare.

Ai kai ma ka san wannan, Malam. Da ƙungiyarku ta gayyace ni, alluna biyu na tarar a bangon ofishinka cikin firam mai ruwan zinare, ɗaya na manufa ɗaya na hangen nesa, kuma jimla ɗaya ce a kansu, an dai juya kalmomin. Na tambayi sakatarenka wanne ne wanne, ya yi ta sosa ƙeya. A shekarar ne wani mai ba da tallafi ya zo da kuɗin haƙa rijiyoyi, ku da aikinku koyar da karatu, kuka karɓa hannu bibbiyu, don ba ku da rubutacciyar manufar da za ta ce muku a'a. Ajujuwa nawa aka rufe kafin rijiyoyin su ƙare?

Abin da ke ci mini rai ke nan da ƙungiyoyi da yawa: a kwafo kalmomi daga intanet daren da za a miƙa takardar neman tallafi, a rataye, a manta. Wanda ya ce a zauna a yi tunani kuma shi ne ɗan damfara.

Shafi biyun da na rubuta muku kan manufa da hangen nesa suna nan a aljihun teburinka, in ba a yar ba. Kuɗin da ka ce na karɓa sau biyu kuwa, har yau ko sau ɗaya ban gani ba.

Wassalam.