Labarin Takwaranka

Kano, daren Alhamis

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Zango baki ɗaya. Ya kasuwa? Saƙonka ya iso, kuɗin ma sun shigo hannuna. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na ga kiranka sau da dama. A asibiti ba a samun sararin doguwar magana, a gida kuma ba na son Hajiya ko yara su tsinci zancen rabi da rabi. Shi ya sa na zauna na rubuto maka. Tunda sunanka yaron nan ya ci, ya kamata ka ji komai daga bakina.

Abin da aka gaya maka gaskiya ne, sankarar jini ce. Da zazzaɓi ta faro wajen ƙarshen damina, lokacin da kusan kowane gida akwai wanda maleriya ta kwantar. Aka ba shi magani, ya ɗan warware, ya sake kwantawa, aka ce taifot. Sai ya fara kukan ƙafa da dare, yaron da ba ya zama wuri ɗaya ya koma cewa a goya shi. Tafin hannunsa ya yi fari fat. An yi zaton sikila, gwaji ya ce ba ita ba ce. Ranar da mamansa ta ga dasashinsa na jini, ga wasu jajayen ɗige-ɗige a ƙafafunsa, wata likita ta dubi sakamakon gwajin jininsa ta ce kada mu kwana, mu wuce asibitin koyarwa. A can aka zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugunsa, aka tabbatar.

Likitan yara ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa, Allah ya saka masa. Ya ce a cikin ɓargo ake yin jini. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ba su ƙosa ba ne suke ta hayayyafa har su cika wurin, kamar yadda ciyawa ke cinye gonar da ba a nome ba, sai jajayen ƙwayoyi da masu tsayar da jini su rasa inda za su fito. Dalilin farin da ya yi ke nan, da zubar jinin, da zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Irin tasa su likitoci suna ce mata ALL, ita ce ta fi yawa a yara, musamman 'yan shekara 2 zuwa 5. Tambayar farko da mamansa ta yi ita ce ko wani abu ta ci da cikinsa, ko nononta ne. Ya ce mata sam, kuma ba a ɗaukar ta daga wani. Na ga yadda kafaɗunta suka sauka, ashe tun tuni take ɗauke da wannan zargin ita kaɗai.

Ni kuma na tambaye shi ko ana warkewa. Bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe irin namu kuwa da yawa ba a kai kashi 30 ba. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shiri na ganin an kai kashi 60 a duniya kafin 2030. Ya ce cutar ɗaya ce nan da can, magungunan ma tsofaffi ne, an daɗe da sanin su. Abin da ke kashe mana yara shi ne zuwa a makare, da rashin jini da magani a kan kari, da kuma yanke magani a tsakiya. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi, don a kansa zan roƙe ka wani abu.

Watan farko shi ne mafi tsanani. Allurar vincristine ta jijiya duk mako, ga wata mai tsada da ake kira asparaginase wadda sai an ajiye ta a firji, ga ƙwayoyin prednisolone da suka kumbura masa kumatu suka sa shi cin abinci ba ƙaƙƙautawa. Tsakar dare zai tashi yana kuka a ba shi taliya da manja. Akwai kuma allurar da ake yi a ƙashin baya, saboda maganin jijiya ba ya isa ruwan ƙwaƙwalwa sosai, cutar kuwa takan ɓuya a can. Ni nake riƙe shi a naɗe lokacin da ake yi, mamansa ba ta iya tsayawa. Da gashinsa ya fara zuba na kira wanzami ya aske mu tare, ni da shi da ƙannena biyu.

Jini kuwa, sai wanda ya nema ya san darajarsa. Ƙwayoyin da ke tsayar da jini ba sa wuce kwana 5 a ajiye, don haka dole a samu mai bayarwa a kusa. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Asuba, samarin unguwa suka cika Keke Napep biyu suka tafi. Cikinsu har da waɗanda ko gaisawa ba mu cika yi ba. Na rubuta sunayensu a littafi, ina sa su a addu'a.

Maganar kuɗi ba zan ɓoye maka ba. Filin nan na bayan gari ya tafi, sarƙar mamansa ta aure ma ta bi shi. Tun da naira ta faɗi a 2023 duk maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, kuma yawanci a waje muke saye, muna duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa saboda tsoron jabu. Na ji abin da ka faɗa game da asibitin Komfo Anokye na Kumasi a ƙasar Gana, da cewa Gana ta saka sankarar yara iri huɗu a inshorar lafiya ta ƙasa, har da irin tasa. Abin yabawa ne, ina ma a ce mu ma haka. Amma likitocinsa na nan sun san jikinsa, sun san yadda jininsa ke hawa da sauka, ba na son in ɗauke shi a tsakiyar aiki. Mu bar wannan ƙofa a buɗe.

Yanzu ga inda muke. Bayan zagayen farko an sake duba ɓargon, ba a ga cutar ba. Alhamdulillahi. An yi watannin ƙarfafa magani, mun shiga zangon ƙarshe, wanda ya fi kowanne tsawo: ƙwayar mercaptopurine kullum, methotrexate sau ɗaya a mako, gwajin jini a kai a kai, har a cika sama da shekara 2 daga farawa. Gashi ya tsiro, yana buga ƙwallo a tsakar gida. Wanda ya gan shi ba zai ce yana da wani ciwo ba.

To a nan gizo ke saƙar. Hajiya ta ce ya warke, a daina ɗura wa jikanta guba. Ba na ganin laifinta, ta ga amai da gyambon baki da ya sha, ta ga dukiya na tafiya. 'Yan dubiya kuma kowa da nasa: wannan ya kawo sassaƙe, wancan ya ce sammu ne, wata ta ce akwai mai magani a ƙauyensu da bai taɓa kuskure ba. Addu'a ba mu fasa ba, ana yi masa tofi safe da yamma, yana shan zamzam. Jiƙe-jiƙe ne na hana, domin ƙwayoyin nan da ma suna wahalar da hanta, ba a san abin da haɗin zai haifar ba. Na gaya wa Hajiya ita kanta vincristine daga wani fure na Madagaska aka samo ta, itace ne shi ma, sai dai an auna shi. Ta yi shiru, amma ban ga alamar ta gamsu ba.

Abin da ba ta gani ba ni na gani. Akwai wata yarinya da gadonta ke kusa da namu, mamanta da mamansa kwano ɗaya suke ci. Ta samu sauƙi kamar yadda ya samu, mahaifinta ya ce kuɗi sun ƙare kuma ai ta miƙe, suka koma gida. Bayan 'yan watanni aka dawo da ita, cutar ta dawo da ƙarfin da magani bai iya mata ba. Allah ya jiƙanta, ya ba iyayenta haƙuri. Ragowar ƙwayoyin cutar da gwaji ba ya gani, su ake bi da wannan dogon magani.

Roƙona shi ne ka kira Hajiya. Ka san tun muna yara maganarka ta fi tawa shiga kunnenta. Kada ka nuna mata ni na sa ka. Ka yaba mata ɗawainiyar da take yi, don ita ke riƙe da sauran yaran, sannan ka nuna mata cewa ƙarasa maganin nan shi ne gatan da za a yi masa. Ka kuma taya ni faɗa mata cewa zazzaɓi a jikinsa ba na jira ba ne. Da ma'aunin zafin jiki ya nuna 38, ko ƙarfe nawa ne, asibiti za a nufa, ba a ba shi farasitamol a ce sai da safe. Haka nan duk yaron da ke da ƙarambau ko ƙyanda kada ya shigo gidan, ko ɗan wane ne. Wannan yana yi mata nauyi saboda maƙwabta, ga hunturu ya kawo kai da mura da tari.

In ka kira, ka ce a ba ka yayarsa ku gaisa. Shekararta 9, ta daina tambayar komai, sai aiki take ta yi kamar babba. Malamarsu ta ce tana yawan yin shiru a aji. Na fara ɗaukar ta a babur ranar Asabar mu je mu sha fura mu biyu, a nan ne take buɗe baki. Rannan ta tambaye ni ko ita ma za ta kamu, na ce mata a'a, na yi mata bayani yadda likita ya yi mana.

Mamansa na gaishe ka, tana gaida uwargida da yara. Takwaranka ya ce in tuna maka alkawarin rigar ƙwallo ta Asante Kotoko, ja yake so, kuma ya ce ya ƙara tsawo, kada a sayo ƙarama. Ranar Litinin muna da gwajin jini da allurar baya, ka sa mu a addu'a. Hajiya ta fi samun natsuwa bayan La'asar, lokacin za ka kira.

Wassalam,
Naka har kullum,
Baban takwaranka