A kan gashin man Indiya da ake ta tallatawa don ciwon ƙugu

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani gashin baya na mutanen Indiya da bidiyonsa ya cika Facebook da TikTok, ana cewa wai yana warkar da duk wani ciwon ƙugu har wanda likita ya ce sai tiyata.

Sunan abin kati basti, daga maganin gargajiyarsu ne da ake kira Ayurbeda. Mutum zai kwanta rub da ciki, a kwaɓa garin wani baƙin wake da suke ce wa urad, a kewaye ƙugun da shi kamar bakin rijiya, sai a zuba mai mai ɗumi a ciki, yawanci man riɗi ne da aka dafa da saiwoyi da ganyaye, in ya fara hucewa a tsotse da auduga a sake zuba mai ɗumi, haka za a yi ta yi kusan rabin awa ko fiye, kullum har sati ɗaya ko biyu. Su a fahimtarsu iskar jiki ce da suke kira vata ta yi yawa a wurin, mai da ɗumi kuma su ne ke kwantar da ita.

Ni fa ban raina abin ba wallahi. Gwamnatin Indiya ma'aikata guda ta kafa musu a 2014, AYUSH, likitocinsu kuma sai sun yi digiri na shekara biyar da rabi, a jihar Kerala asibitoci ne sosai ake kwantar da mutane. Kuma ɗumi dai yana sassauta tsokar da ta ɗaure, jini ya gudana, mutum ya samu barci. Ga wanda zaman ofis ko tuƙi ko ɗaukar kaya ya sanƙarar wa baya wannan sauƙi ne na gaske, ya fi a yi ta ɗirkar ƙwayoyin kashe zafi suna cin ciki da ƙoda.

Inda raina ke ɓaci shi ne masu cewa man yana ratsa fata ya je ya mayar da faifan ƙashin baya da ya goce. Ta ina? Akwai fata da kitse da tsoka mai kauri kafin a kai can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a gano takamaiman cutar da ta jawo shi, da yawa ma cikin makonni yake lafawa in mutum yana motsa jiki, toh kun ga mai talla zai iya cewa mansa ne ya yi aikin.

Sauran kashin nan ne abin tsoro. In ciwon ya sauko ƙafa har tana mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko fitsari da bayan gida sun fara ƙwacewa, wannan jijiya ce ta danne, asibiti ake rugawa a ranar. Haka in da zazzaɓi da rama, don tarin fuka yana kama ƙashin baya, kansa ma haka. Sati biyun da za a ɓata ana zuba mai zai iya barin mutum a keken guragu. Masu ciwon suga da fatarsu ba ta jin zafi sosai kuma su kula, suna iya ƙonewa ba su sani ba.

Roƙona Malam Edita, ku gayyato likitan ƙashi ko na fisiyo a shafinku na lafiya ya yi wa jama'a bayanin waye gashin nan ya dace da shi, waye kuma ya kamata a fara yi masa hoto tukuna.

Naku,
Mai karanta jaridarku kullum