Daji Na Son Allura, Mai Ciwon Kuma Na Son Natsuwa

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan masu fama da ciwon daji. Aikin jinya na yi har na yi ritaya, kuma shekarun ƙarshe a ɗakin da ake ɗaura wa mata ruwan kemo, wato maganin daji da ake sa wa ta jijiya, na yi su.

Duk nas ɗin da ta zauna a irin wannan ɗaki ta san abin da zan faɗa. Mace za ta zo karo na uku ko na huɗu, ba a ko taɓa ta ba, daga jin warin asibiti sai amai. Ba iska ba ce, ba kuma raki ba ne. Jikinta ne ya haddace wahalar baya, yake firgita tun allura ba ta shiga ba, kuma maganin amai bai cika kama irin wannan ba. Abin da ke taimakawa shi ne a zauna kusa da ita, a koya mata jan numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, ta sake shi ta baki, sannan ta ɗaure tsokar hannu da ta ƙafa ta saki, gaɓa bayan gaɓa. Wata da carbi take haɗawa, kowane numfashi da tasbihi. Wata a kunna mata karatun Alƙur'ani a waya, ta lumshe ido. Na sha ganin hannun da ke rawa ya tsaya har aka samu jijiya.

Turawa sun mayar da wannan fanni guda. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara shirin koyar da natsuwa na mako 8 a Jami'ar Massachusetts ta Amurka. A 2023 ƙungiyar likitocin daji ta ƙasar, ASCO, ta ba da shawarar amfani da irinsa, da yoga (motsa jiki haɗe da jan numfashi), da sauraren kiɗa, don rage fargaba da ƙuncin rai ga majinyata. Mu ba sai mun sayi tabarmar yoga ba. Muna da zikiri, muna da tattaki bayan la'asar, muna da zumunci.

Sai dai a ji ni da kyau: babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke narkar da ƙari. Aikinsu shi ne su riƙe mai ciwo ta samu barci, ta ci abinci, ta dawo ta ƙarasa maganinta. Maganar nan ta "daji ba ya son allura" ta cinye mata da yawa, sai an gama shafe-shafe, nono ya fashe, sannan a kawo mana su. Masu bincike a Jami'ar Yale sun wallafa a 2018 cewa waɗanda suka bar maganin asibiti suka dogara da wani magani kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuma fiye da sau biyar.

Jiƙo da saƙe-saƙi kuwa wani babi ne daban. Numfashi ba ya bi ta hanta, su suna bi, kuma can ne ake sarrafa yawancin magungunan kemo. Duk abin da ake sha a gida a faɗa wa likita, ko da zai ɓata rai.

Roƙona ga asibitocin koyarwa na Shika da Kano da Sakkwato shi ne su ware nas ɗaya da za ta riƙa koyar da wannan a ɗakin kemo da wurin jiran gashin ƙari da hasken na'ura. Ba ya buƙatar na'ura, ba ya jiran wutar lantarki. Malamanmu kuma su riƙa haɗa addu'a da umarnin neman magani a wa'azi, tunda duka biyun sunna ne. Masu zuwa dubiya kuma, don Allah ku daina ba mai ciwo labarin wance da irin ciwon ya kashe bara. In ba ku da abin faɗa, ku yi sannu, ku ɗebo mata ruwa, ku kai yaranta makaranta.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Tudun Wada, Zariya