Maeve Kyle ta mutu, ni kuwa na tuna da 'yan tserena

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka. Ni tsohuwar malamar wasanni ce, shekara 26 na yi ina busa usur a makarantun 'yan mata kafin gwiwa ta ce ta gaji. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne mutuwar wata tsohuwar 'yar tsere 'yar ƙasar Ailan, Maeve Kyle, a watan Yulin 2025, tana da shekara 96. 'Yata ce ta karanto mini labarin a waya. Na yi ta duba shafinku na wasanni ko zan gani, shiru. Ban ga laifinku ba, ƙwallon Turai ta cinye shafin nan tuntuni.

An haifi Maeve a 1928 a yankin Kilkenny na ƙasar Ailan. A wannan shekarar ce aka fara barin mata su yi tseren mita 800 a gasar Olamfik, a Amsterdam, wata Bajamushiya Lina Radke ta ci. Da aka gama, 'yan jarida suka baza cewa matan sun zube a ƙasa kamar za su mutu, aka ce jikin mace ba zai ɗauki zagaye biyu na fili ba, aka soke tseren. Sai a 1960 aka dawo da shi. Shekara 32 ke nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin layi da agogo ya san namiji ma in ya gama 800 da gaskiya, zubewa yake yi.

Ita Maeve da wasan hoki ta fara suna, ta buga wa ƙasarta sau 58. A 1956 aka zaɓe ta zuwa Olamfik ta Melbourne a Ostareliya, mace ta farko da Ailan ta tura a fannin guje-guje. Tana da aure a lokacin, da 'yarta ƙarama. Sai wani ya zauna, kamar yadda na zauna yanzu, ya rubuta wa jarida wasiƙa cewa ta zubar da mutuncin iyaye mata, tunda za ta bar miji da 'ya ta tafi gudu a uwa duniya. Wannan fa a ƙasar Turawa ne, kada wani ya ɗauka mu muka ƙirƙiro maganar. Ta je, ta yi mita 100 da 200, aka fitar da ita tun zagayen farko. Ta koma Olamfik a Rum a 1960. A Tokiyo a 1964, tana da shekara 36, shekarun da ake ce wa mace ta nemi tabarma ta zauna, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a mita 400 da kuma 800. Bayan shekara biyu ta ci tagulla a mita 400 a gasar Turai ta cikin ɗaki a Dortmund ta ƙasar Jamus.

Masu yabonta sun fi son labarin wasiƙar nan, don ya fi daɗin ji. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A 1955, tun kafin ta taka Olamfik, ita da mijinta Sean Kyle, wanda shi ne kocinta, suka kafa kulob ɗin guje-guje a garin Ballymena da ke Ailan ta Arewa. Ba babban birni ba ne. Suka riƙe kulob ɗin nan shekara da shekaru, cikin ruwa da sanyi, har da zamanin da 'yan Katolika da 'yan Furotesta ke kashe juna a yankin, yaran ɓangarorin biyu suna gudu a fili ɗaya. Ta horar, ta jagoranci tawagogi zuwa gasa, ta zauna a kwamitoci inda ake gardamar kuɗi da fili, aikin da ba mai tafa maka. A 2000, ta haura 70, tana cikin masu horar da tawagar Ailan a Olamfik ta Sydney. Lambar girmamawa ta Birtaniya, OBE, da aka ba ta a 2008 ba ta kai rabin wahalar nan ba.

Malam Edita, ka san abin da kulob ke nufi? Wurin da yarinya za ta je ranar Talata da yamma bayan ta gama makaranta, ta tarar da mai agogo yana jiranta.

Na taɓa samun wata ɗaliba, ba zan faɗi sunanta ba don yanzu uwar 'ya'ya ce. Doguwa, marar magana, ba ta da takalmin gudu, a ƙasa take takawa. A tseren mita 800 na gasar inta-haus ta kan bar sauran su yi gaba a zagayen farko, tana bin su kamar mai zuwa aike, sai an buga ƙararrawar zagayen ƙarshe ta buɗe ƙafa. Ba ni na koya mata wannan ba, da shi ta zo. Minti 2 da daƙiƙa 24 na rubuta mata a littafina, a filin ƙasa mai tsakuwa wanda da toka muke ja masa layi. Ta gama makaranta aka yi mata aure. To, kada ka yi saurin cewa auren ne ya kashe gudun. Mijin da kansa ya zo har gida ya same ni, ya ce, "Malama, ta dame ni da maganar gudun nan. Ina ake zuwa? In akwai wuri mai mutunci da mata ke yi, ni zan riƙa kai ta a babur." Na rasa abin da zan ce masa. Filin makaranta na ɗalibai ne. Babban filin gari kuwa 'yan ƙwallo sun mamaye shi. Na je ofis sau uku neman a ba mu awa biyu a mako, ana ce mini in dawo. Daga nan na yi zuciya na bari. Wannan laifina ne, kuma har yau yana ci na. Maeve da mijinta ba su jira ofis ba.

Don haka roƙona gare ka biyu ne. In lokacin inta-haus ya zo, ka tura ɗan rahotonka makarantar 'yan mata ko da ɗaya ce, ya rubuta sunan wadda ta ci 800 da lokacinta, ba hoton babban baƙo yana miƙa kofi kawai ba. Sannan in akwai tsofaffin malaman wasanni mata da ke karanta wannan shafi, su aiko da saƙo ta hannunka. Mu uku ma mun isa mu fara kulob. Gwiwata ba ta gudu, amma agogon yana nan a cikin adaka, batir kawai zan sa masa.

Na gode.

Taka,
Tsohuwar malamar wasanni, Zariya