Sanarwa kan ziyarar ibada zuwa Kibeho

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyaye da ƴan'uwa.

Masu tambaya kan Kibeho sun yi yawa, shi ya sa na ce bari in amsa gaba ɗaya. Garin yana gundumar Nyaruguru, a Lardin Kudu na ƙasar Ruwanda. A nan ne Uwa Maryamu ta fara bayyana ga wata ɗalibar sakandare, Alphonsine Mumureke, ranar 28 ga Nuwamba 1981, daga baya ga wasu ɗalibai biyu. Bishop Augustin Misago na Gikongoro ya amince da shaidar ukun nan a 2001, bayan dogon bincike.

Manyan ranakun taro su ne 15 ga Agusta da 28 ga Nuwamba. Jama'a kan cika maƙil, wasu a ƙafa suke zuwa, masauki ya yi wuya. A ganina dattawanmu da masu ciwon ƙafa gara su zaɓi wani lokaci, don wurin tuddai ne, ga sanyi da dare.

A tanadi fasfo da katin rigakafin cutar shawara. Kada a sa leda a kaya, an hana ta a Ruwanda tun 2008.

Abu ɗaya kuma, don Allah: an kashe mutane da yawa a cocin Kibeho lokacin kisan ƙare dangi na 1994. A rage hayaniya da ɗaukar hoto a wajen.

Mai niyya ya turo mini sunansa ta gefe, ba a cikin rukuni ba.