Na dawo, amma akwai magana

Mutumina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya kai da Madam da 'yan biyu da wannan tumbin naka da ka ce azumi zai rage shi. Na ga hoton bikin ƙanwarka, bai ragu ba sai ma abin da ya yi gaba. Na san kana cike da ni, saƙonka 3 na gani ban amsa ba, kar ka ce komai laifina ne. Akwai abin da nake so in tambaye ka tun ina cikin jirgi, shi ya sa ma na zauna rubutun nan, amma tsaya in ba ka labari tukuna.

Yau kwana 9 da dawowarmu daga Nepal. Eh, na je ɗin. Ni da kuke cewa ko lilo na hau sai na yi amai, ga shi na ƙetare teku na dawo da raina. Mu 11 muka tafi, sati 3 muka yi, aikin da aka ba ni shi ne gyaran wayoyin wuta da ɗora sola a wani ɗakin kwanan yara da ikilisiyar can take kula da shi, a bayan garin Katmandu. Kafin ka tambaya, a'a ban ga dutsen Everest ba, hazo kawai na gani, kowa sai ya nuna mini wani gefe ya ce yana can.

Ka san halina, kafin mu tashi sai da na shirya wa'azi har 5 a littafi, na ja layi da jan biro, na gwada ɗaya a gaban Maman yara har ta yi gyangyaɗi. Daren da muka sauka faston da ya karɓe mu ya zaunar da mu ya ce mu buɗe kunne. Tsarin mulkinsu na 2015 ya hana juya wani daga addininsa, kuma dokar da ta fara aiki a 2018 tana iya kai mutum ɗaurin shekara 5, baƙo kuwa a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu. Ya ce ku jirgi za ku hau ku tafi, mu ne za mu zauna da abin da kuka bari. Jikina ya yi sanyi. Masu bi a ƙasar ba su kai 2 cikin 100 ba a ƙidayar 2021, mafi yawan jama'a Hindu ne, kuma waɗannan 'yan kaɗan ɗin sun fi mu sanin inda za su taka. Wa'azina 5 suna nan cikin jaka yadda na kai su, filaya da testa ne suka yi aikin bishara.

Ranar Asabar suke sujada fa, don ita ce ranar hutu a can, Lahadi kuwa lokacin da muke can kowa na wurin aiki yara na makaranta. Sai da na yi sati ina rikicewa. Kalandarsu ma gaba take da tamu da shekara 56 ko 57, wato in da shekarar can aka auna takardar haihuwarka ta nan da tuni ka wuce ɗari, ko da yake gwiwoyinka sun riga sun kai. A ƙofa ake cire takalmi, a zauna a ƙasa, maza gefe mata gefe, gaisuwarsu Jai Masih hannu biyu a haɗe. Awa 2 na yi a tanƙwashe, da aka ce baƙi su tashi a yi musu addu'a ƙafata ta ce ba ta san zancen ba, sai da wani yaro da bai kai ɗana ba ya ɗago ni ta hammata, yaran baya suna ta ƙunshe dariya.

Bayan an tashi wata tsohuwa ta kama hannuna ta ƙi saki, hannunta kamar ɓawon itace. Tafinta ya ce tana cikin sujada girgizar ƙasar 25 ga Afrilu 2015 ta same su, ka tuna ta, mai ƙarfin 7.8, mutum kusan 9,000 suka rasu, ranar Asabar ce dab da tsakar rana lokacin majami'u a cike. Ban san me zan ce mata ba na yi ta gyaɗa kai. Sai ta tambaya yarana nawa, na ce 3, ta ce wa ke tare da su yanzu, na ce matata. Ta ce to ita za ta yi wa addu'a. Na yi dariya na ce amin, a raina har da ɗan jin haushi, ni da na yi doguwar tafiya.

To ga maganar da ta hana ni barci.

Kwana 2 da dawowata ina yi wa Auta wanka, sai na ga wani ɗan baƙin tabo a bayan hannunta da sauran danƙon filasta da bai gama fita ba. Na ce me ya same ki nan. Ta ce nan ne aka sa mini ruwa, nas ɗin ta ce ni jaruma ce. Haka kawai, tana wasa da kumfa. Mutumina soson ya faɗi daga hannuna. Ashe sati na biyu da tafiyata zazzaɓi ya kama ta da amai ba tsayawa, kwana 3 suka yi a asibiti ana ƙarin ruwa, kuma duk kwanakin nan ina kira, agogon can da wata ragowar minti 45 a kai da kullum take rikita mini lissafi, in na kira bidiyo sai Maman yara ta kashe ta kira da murya ta ce netwok ne, ni kuma in zauna ina ba ta labarin batir da inbata ina cewa ku ci gaba da yi mana addu'a aikin da nauyi. Tana tsaye a barandar asibiti take cewa to Ubangiji ya ƙarfafa ku.

Kowa ya sani. Fasto ya sani, zumuntar mata su suka yi ta kai da kawo, har Mama ta sani, Mama da ba ta iya riƙe magana daga safe zuwa rana. Babban, ɗan shekara 14 ɗin nan da nake faɗa da shi kan wanke kwano, shi ya riƙe gidan, ya tashi ƙanwarsa ya shirya ta ya raka ta makaranta ya dawo ya kulle ƙofa da dare. Ba wanda ya ce mini uffan.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba, kuma na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce wa Maman yara ni ba uban yarinyar ba ne da za a mai da ni baƙo a gidana? Ba ta ɗaga murya ba, ka san ta, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Tana ninke kaya ta ce da na gaya maka me za ka yi, kana kan tsani da wayar wuta a hannu hankalinka na nan, in kwana da mara lafiya ɗaya in kuma kwana da tsoron a kira ni daga can? Ta ce na yanke a raina in ta kai kwana 4 zan faɗa maka, ba ta kai ba. Na rasa amsa, sai na fita waje na tsaya kamar mai jiran wani. Kwana 2 addu'ar safe a gidan nan kamar karatun takardar haya, kowa ya ce amin ya watse.

Na koma na lissafa kwanakin, ba ranar da tsohuwar nan ta riƙe hannuna aka kwantar da Auta ba, akwai kwana 2 tsakani, don haka kar ka fara, na san ka da son haɗa shaida.

Af, kafin in manta, Dogo zai yi aure. Wallahi ban so in rantse ba amma dole, Dogo dai naka. Kuma ba wadda muke zato ba, mai alto ɗin nan da ya ce muryarta na sa masa ciwon kai. Mai Ganga ya ce shi ba zai buga a bikin ba sai an biya shi bashin igiyar jita na tun zamanin kamfen. Kwaya kuma ta rabu biyu kan kalar yunifom, wata 4 ke nan, na tafi na dawo suna nan inda na bar su. Ka kira Dogo don Allah, yana cewa ka yi kuɗi ka manta mutane, na ce masa rabin maganar ce kawai gaskiya.

Abin da ya fi tsaya mini ma ba asibitin ba ne yanzu, mun shirya da Maman yara, na ba ta haƙuri ta ce ya wuce, har ta sa gyalen da na kawo mata duk da na san kalar ba ta yi mata ba. Babban ne. Famfon kicin ya lalace ina can, shi ya gyara, ya naɗe shi da roba ya ɗaure da waya, yana ɗiga kaɗan kaɗan. Na ɗauko sufana zan gyara sai na ga yana tsaye bakin ƙofa yana kallona, na mayar da sufanar na ce aikin ya yi. Har yau yana ɗiga, na sa roba a ƙasa. In yana son abu uwarsa yake tambaya ko ina zaune a wurin. Da dare shi yake zagawa ya duba ƙofa kafin in tashi. Ba rashin kunya yake yi ba, gaisuwa har ƙasa, amma sati 3 kacal na yi kuma kamar an matsar da kujerata an share wurin. Kai da ka yi shekara 2 nesa da naka kafin su biyo ka, haka suka yi maka?

Ranar Lahadi ni zan ba da rahoto gaban ikilisiya, an ce in zo da hotuna za a haska a majigi. Ina da hoto sama da 400, ni a kan rufi, ni da yara, ni da fitila ta kama. Ranar da aka keɓe mu na tsaya gaban bagade aka karanta Ishaya 6, na amsa ga ni ka aike ni da ƙarfi har makirufo ya yi ƙara, aka ɗora mana hannu, Maman yara tana layi na 4 da Auta a cinya ba wanda ya ɗora mata ko yatsa. Na ce mata zan faɗi abin da ya faru a rahoton, ta ce in na kuskura na kira sunanta a gaban mutane a coci zan kwana.

Kuma kwamitin mishan sun kira ni shekaranjiya, wai suna so in jagoranci tafiya ta gaba, wannan karon wata 2, don akwai wani gini da ba a taɓa ja masa waya ba. Na ce zan yi addu'a a kai, ka san ma'anar wannan a bakinmu. Na gaya mata ina jiran ta ce a'a in samu mafaka, sai ta ce yaran can ba su da mai yi musu, ka je mana, mun iya. Wannan mun iya ɗin ne ya tsaya mini a wuya. Ban ba su amsa ba, sun ce zuwa ƙarshen wata.

Rigar sanyinka ta yi mini rana sosai, amma zif ɗin ya mutu, kuma aljihun hagu da ma a yage ka ba ni kar ka ɗora mini. Tambayar da na ce zan yi maka ta gudu, na karanta daga sama ban tuno ba, in ta dawo zan turo maka ta WhatsApp. Ka gaida Madam da kyau, ka ce mata Maman yara na jiran kiranta tun Ista. Auta na nan tana jan rigata wai in zo in ga ta iya tsalle da ƙafa ɗaya.

Naka,
Baban Auta